Ofishin lauyoyin da na kai maganar takardar zama 'yar ƙasa ta uwargida

Wata 7 kenan ina hawa ina sauka a benen wani ofishin lauyoyi a nan Kano kan maganar takardun maman yara, kuma tunda abokan kasuwa sun dame ni da tambaya, wasu har shago suke biyo ni saboda suma matansu 'yan Nijar ne ko 'yan Chadi, nace bari in zauna in faɗi abin da na gani gaba ɗaya, daɗinsa da ɗacinsa. Sunan ofishin ba zan kama ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kar a ce talla nake musu ko kuma ɓata suna nake.

Ni dai matata 'yar Maraɗi ce, shekara 11 da aure, yara 4, kuma wallahi tunda muke ban taɓa kawo maganar wai ita ba 'yar Najeriya ba ce a raina ba, Hausa ɗaya muke yi, tuwo ɗaya muke ci, kakata ma ta wajen uwa daga can bakin iyaka take. Sai da aka yi juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe boda, lokacin tana can ta je duba mahaifiyarta, muka ga ta kanmu kafin ta dawo, sannan daga baya aka ce Nijar ta fice daga ECOWAS, abin da ya tabbata a Janairun 2025. To daga nan ne hankalina ya tashi, nace ba a fafe gora ranar tafiya, gara in san matsayin matar nan a takarda tun ina raye, kar wata rana in faɗi in mutu a zo ana yi mata tambayar da ba ta da amsa.

Kafin in je wajen lauyoyin sai da na kusa faɗawa hannun wani ɗan cuwa-cuwa, wani abokina ne ya haɗa mu, yana zama a gefen wani shagon kwamfuta da jakarsa ta fata. Yace Alhaji wannan ai ƙaramin abu ne, kawo dubu 150 zan samo mata takardar shaidar 'yar asalin ƙaramar hukumarku, a rubuta cewa a unguwarku aka haife ta, daga nan sai fasfo, sati biyu an gama. Har na ji abin ya kwanta min, don gaskiya ɗan Adam yana son sauƙi. Allah ya taimake ni wani maƙwabcina malamin makaranta yace kar ka soma, je ka ga lauya tukuna ko dubu 20 ce ka kashe. Shi ya kwatanta min wurin.

Ranar farko ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. An ce mu zo ƙarfe 10, muka zo 10 saura, ni da ita da jaririya a goye, bene hawa biyu ga matattakala a tsaye kamar tsani, muka tarar babu wuta janareto kuma wai ba mai, fanka tsaye cak, muka zauna kan benci har kusan azahar. Sakatariyar tana ta danna waya, in ka tambaya tace Barista tana kotu yanzu za ta shigo. Da dai aka ga zaman ya yi yawa sai aka tura mu wajen wani ƙaramin lauya, yaro ne sabon fitowa da kwat ɗinsa tsaf, ya saurare mu minti 5 sai yace ai Hajiya in kina son zama 'yar Najeriya dole ki ajiye na Nijar, ki rubuta kin yafe ƙasarku. Kai jama'a! Matar nan ta yi shiru, ina kallo idonta ya ciko, muna fitowa kan matattakala tace min Alhaji in dai sai na rabu da ƙasar ubana to a bar shi kawai, ni a haka ma lafiya lau nake zaune. Kwana 3 ba ta sake yarda an tada maganar ba.

Abin da ya sa ban watsar da su ba shi ne washegari babbar Baristar da kanta ta kira ni ta ba da haƙuri, tace yaron nata ya karanta sashen bai ƙarasa ba, mu dawo ranar Asabar ba sai mun sake biyan kuɗin ganawa ba. Kuma gaskiya daga ranar nan ra'ayina ya canza, don matar ta san aikinta. Dattijuwa ce mai gilashi, ta jawo wani kundin tsarin mulkin 1999 da duk gefensa ya yi baƙi saboda buɗawa, ta buɗe babi na 3 ta ajiye a gabanmu, tace duk maganar ɗan ƙasa a Najeriya daga sashe na 25 zuwa na 32 take, ba wajen mai unguwa take ba, ba wajen ciyaman take ba. Tana karanta Turancin layi ɗaya tana fassara mana da Hausa, kuma fuskar uwargida take kallo ba tawa ba, tana ce mata ƙanwata kin gane? in ba ki gane ba ki tsayar da ni. Wannan ya burge ni, don na saba zuwa ofis a yi ta magana da ni a kan matata alhali ga ta nan zaune.

Ta fara da yara, tace su cire su daga lissafi ma, ba su da matsala. Ni kuma damuwata babban ɗanmu ne, saboda shi a Maraɗi aka haife shi, haihuwar fari ce ta tafi gida goyon ciki ta yi wanka can, takardar haihuwarsa ma da Faransanci take. Barista tace sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya in dai ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne to shima ɗan ƙasa ne ta haihuwa, cikakke, ko shugaban ƙasa yake so ya tsaya ba mai hana shi. Waɗanda aka haifa a nan gida kuwa ko kaka ɗaya ce 'yar ƙasa ya wadatar. Sai ta ƙara da wani abu da ban sani ba, tace haihuwa a ƙasar Najeriya kaɗai ba ta mai da mutum ɗan Najeriya, ba irin Amurka ba ce da mata ke zuwa su haihu yaro ya samu fasfo, a nan jini ake bi, in uwa da uba da kakanni duk baƙi ne to ko a tsakiyar Kurmi aka yanke maka cibiya kai baƙo ne a doka. Nan take na tuna mutane nawa na sani a Fagge da Sabon Gari da suke ɗauka haihuwar asibitin Kano ta gama musu komai.

Sai ta zo kan uwargida. Tace ita hanyarta rajista ce, sashe na 26, wanda ya ba matar da take auren ɗan Najeriya ko ta taɓa aurensa dama ta nemi a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa, sharaɗi uku ne, ta zama mai halin kirki, ta nuna da gaske a nan take niyyar zama, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ba a sa mata adadin shekaru a tsarin mulki ba. Kuma kalmar nan ta ko ta taɓa aure ita ta kwantar min da hankali, don ma'anarta ko bayan raina ƙofar ba ta rufe mata ba. Amma ta ja kunnenmu tace aure da kansa ba ya mai da mace 'yar ƙasa, ko shekara 40 ta yi a ɗakinta in ba ta nema an ba ta ba to tana nan a 'yar Nijar ɗinta.

Maganar da yaron lauya ya kwaɓa kuwa, sashe na 28 ne. Ashe abin da ya ce shi ne wanda za a ba shi ta rajista ko ta daɗewar zama, sai ya saki wata ƙasar da yake riƙe da ita in ba ta haihuwa ya same ta ba. To ita uwargida Nijar ta haihuwa ce, gadonta ce, saboda haka Najeriya ba ta ce ta ajiye ba. Ta ɓangaren Nijar ma tun gyaran dokar da suka yi a 2014 sun yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ka ga rabin layi ɗaya da yaro ya tsallake ya sa matata kukan kwana 3. Na faɗa wa Barista haka a gabansa, ya sunkuyar da kai yace a yi haƙuri ranka ya daɗe, nima ban ƙara ja ba, kowa da ranar koyonsa, amma dai bai kamata a bar sabon hannu shi kaɗai da irin wannan magana ba.

Inda tarkon yake kuma, tace bayan an ba ta na Najeriya, in wata rana ta je ta karɓi na wata ƙasa ta uku, a ce Kanada ko Ingila, to na Najeriyar ya faɗi nan take ba sai an kai ta kotu ba. Ni kuwa da yarana da muke na haihuwa ko fasfo nawa muka tara ba abin da ya taɓa namu. Na ce Barista ashe dai ɗan ƙasa suna ne ya tara, tace sosai ma Alhaji, hawa uku ne. Na haihuwa ba mai iya ƙwace masa sai in shi ya ce ya yafe da kansa a ƙarƙashin sashe na 29, shima sai ya kai shekara 18, kuma shugaban ƙasa zai iya ƙin karɓa in ana cikin yaƙi ko in ya ga ya saɓa maslahar ƙasa. Na rajista da na daɗewar zama kuwa sashe na 30 ya ce za a iya raba su da ita in aka tabbatar sun yi wa ƙasa rashin biyayya ko sun yi hulɗa da abokan gaba lokacin yaƙi, na daɗewar zama ma har da ƙari, in aka ɗaure shi shekara 3 ko fiye a cikin shekara 7 na farko shugaban ƙasa zai iya karɓe abinsa. Sannan dukkansu biyun sai sun shekara 10 kafin su riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi, gwamna da shugaban ƙasa kam har abada ba nasu ba ne. Na juya na ce da uwargida to Hajiya takarar sanata sai a dakata, ranar ce ta fara dariya a ofishin.

Wannan sashe na 29 ɗin ma ashe shi ne wanda aka yi ta hayaniya a kansa a majalisar dattawa a 2013, lokacin da Sanata Ahmed Sani Yariman Bakura ya tsaya kan kar a cire layin da ya ce matar aure ana ɗaukarta ta kai shekarun hankali. Mu a lokacin a rediyo muka ji ana ta ce-ce-ku-ce kan auren wuri, ban taɓa sanin asalin layin a babin yafe zama ɗan ƙasa yake ba sai da na gan shi da idona.

Zuwa na uku na tafi da mijin ƙanwata, shi ɗan Damagaram ne, shekararsa 9 a Kano yana sana'ar fata, mutumin kirki wallahi, ko a masallacin unguwa shi ake ba ajiyar kuɗin gyara. Ya ji labarin uwargida yace Yaya nima a kai ni a yi min irin nata tunda nima 'yar Najeriya nake aure. Ni a tunanina duk kanwar ja ce. Barista ta cire gilashi tace Malam ka yi haƙuri, dokar mace ta ambata, namijin da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan ƙofar. Shi sai dai sashe na 27, wato ya shekara 15 a jere a ƙasar, ko kuma ya yi wata 12 a jere kafin ya nema sannan a cikin shekara 20 da suka gabata zamansa ya haɗa 15, ga halin kirki, ga nuna zai amfani ƙasa, sannan gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su. Bawan Allah ya yi murmushin yaƙe yace to Hajiya ni da wa zan saje kuma, ni da Hausa ce ma kaɗai yaren da nake ji. Tace a Maris ɗin 2022 an kai ƙudirin gyara wannan wurin majalisa don mata ma su iya ba mazajensu, 'yan majalisa suka kayar da shi, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar a Abuja, kuma har yau layin yana nan yadda yake. Ni dai a nawa ganin wannan ba adalci ba ne, ƙanwata da ni uwa ɗaya uba ɗaya, ni na kawo mata daga Maraɗi an buɗe mata ƙofa, ita mijinta an ce ya jira shekara 15. Amma yaransu tace 'yan ƙasa ne ta haihuwa ta wajen uwarsu, kuma shi akwai wani matsayi na musamman da sashe na 32 ya ba da dama a ba mijin ko matar ɗan ƙasa, na zama da cikakken izini ba tare da ya zama ɗan ƙasa ba, tace wannan zai iya nema yanzu.

A nan ne na ƙara yarda da ita, don da ta so cin kuɗinsa sai ta ce kawo a fara, ta buɗe masa fayil ya yi ta zarya. Da na ba ta labarin ɗan cuwa-cuwan nan kuwa sai da ta dafa tebur, tace takardar ƙaramar hukuma ta ƙarya ba ta mai da kowa ɗan ƙasa, ranar da aka gano an yi rantsuwa kan ƙarya fasfon zai tafi ga kuma shari'a, kuma sai a shafa wa yaran da suke da gaskiyarsu kashin kaji. Lambar NIN ma tace ba hujja ba ce, don baƙon da yake zaune bisa ƙa'ida shima ana ba shi. Ta ba mu labarin Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP, wanda gwamnatin Shagari ta ɗauka a 1980 ta kai shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne saboda asalin mahaifinsa, ya shiga kotu a Maiduguri ya yi nasara saboda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, gwamnati ta ɗaukaka ƙara ba ta ci ba. Tace in mai wannan muƙami an iya yi masa haka to kai ɗan kasuwa kar ka gina gidanka kan takardar bogi. Surukina shi kuma ya kawo maganar yadda sojojin Janar Tiani suka sanar da ƙwace shaidar ɗan ƙasa na wucin gadi daga wasu na kusa da Bazoum a 2024, muka ɗan taɓa hirar siyasa kafin ta ce lokacinta ya ƙare.

Wahalar gaske a haɗa takardu take, kuma a nan ne ofishin suka sake ba ni haushi. Aurenmu a ƙofar gidansu aka ɗaura da goro da dabino da shaidu, ba wanda ya ba mu ko ƙyallen takarda, sai da muka bi ta kotu aka yi mana shaidar aure. Takardunta na can duk Faransanci ne sai an fassara an buga hatimi. Ga rikicin rubutun suna, kun san yadda suke rubuta Usman su sa Ousmane, Musa su sa Moussa, to sunan mahaifinta iri uku muka samu a takardu uku, na makaranta daban na haihuwa daban na katin banki na nan daban, shi kansa tsohon a takardarsa ba ranar haihuwa sai kalmar nan tasu ta vers da shekara, wato wajajen shekara kaza. Duk wannan sai da aka yi rantsuwar kotu aka daidaita. To duk waɗannan kuɗaɗen ba su faɗa min tun farko ba, an ce min kuɗin aiki kaza na biya na ɗauka shikenan, sai kawai sakatariya ta riƙa kira, Alhaji a turo na fassara, Alhaji a turo na rantsuwa, Alhaji na motar yaro, kuma rasit sai na yi da gaske ake rubuta min. Ban ce sun ci kuɗina ba, da na zauna na lissafa komai ya tafi inda aka ce, amma mutum yana son ya san zurfin ruwa kafin ya tsoma ƙafa. Sannan sun ɓatar da fassarar takardar haihuwa sau ɗaya, sati 2 ana nema ashe tana cikin fayil ɗin wani, kuma wayarsu in ba Barista ka samu kai tsaye ba to sai ka kira sau 6 ba a ɗaga ba.

In za a ce in ba su maki cikin 10, ilimi da faɗin gaskiya zan ba Barista 9, tsarin ofis da riƙon alƙawarin lokaci kuwa 4 ma na yi musu kara. Wanda zai je ya nace sai ya ga babbar da kanta, ya ce a rubuta masa duk abin da zai biya a takarda ɗaya tun ranar farko, kuma kar ya bar asalin takardunsa a wurin, ya ba su hoto ya koma gida da nasa.

Yanzu dai an tura komai ta intanet zuwa ma'aikatar harkokin cikin gida a Abuja, Barista tace daga nan akwai binciken jami'an tsaro, sai kwamiti ya duba, sai a kai gaban shugaban ƙasa, kuma a rukuni ake bayarwa ba ɗaya-ɗaya ba, kamar yadda Buhari ya ba mutum 286 a 2022. Ta ce min kar in sa rana, nima ban sa ba. Uwargida ta samu wata tsohuwar jakar Makka ta zuba kwafin komai a ciki ta ɗora saman sif, ta hana yara ko taɓawa. Shi kuma surukina jiya ya leƙo shago yake ce min ya fara tara rasit ɗin haya da na haraji tun na shekarar da ya zo, wai saura shekara 6, har ya sa ƙanwata ta nemo masa tasa jakar.